Ranar da Aka Tambayi Baba Bernard Garinsu

Abin ya faru ne a taron ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, a wani ɗaki da muke haya a titin Gate City Boulevard, nan Amurka, tsakanin masu sayar da tsofaffin motoci da kantin 'yan Vietnam. Ranar Asabar ce da rana, an ci tuwon shinkafa da miyar taushe an yi nak, ciyaman yana ta jan magana a kan wanda zai kawo kujeru ranar bikin ɗaya ga Oktoba. Baba Bernard yana zaune kusa da ni da sauran miya a faranti a kan cinyarsa, kai ya fara lilo. Ban tashe shi ba. Ina jira ne in ga ko zai faɗo.

Sai musu ya kaure a bayan ɗaki, mata biyu a kan wata kula da aka ara ba a mayar ba. Ciyaman ya jawo wata 'yar ƙararrawar hannu da ya tanada don irin wannan rana, ya kaɗa ta da ƙarfinsa. Baba Bernard ya zabura ya miƙe ƙiƙam, hannuwa a gefe kamar ɗan sanda, idonsa bai ma gama buɗewa ba, ya ɗaga murya yadda har masu motocin waje sun ji:

"Sha bakwai! Ga ni, Sista!"

Farantin ya kife a kan farar shaddata. Dariya ta ɓarke, har matan nan biyu suka manta da kula. Dattijo ne fa, da furfurarsa da hularsa, ga 'yarsa Ƙauna can gefe tana rufe fuska da waya. Ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "Ku yi haƙuri, mafarki ne," ya fice. Bai dawo ba sai da aka tashi.

Ni ne Surajo, mutumin Gusau, direban motar kai gadaje da kujeru gidajen mutane. Gidana da na Baba Bernard suna kallon juna a McLeansville, titi ne kawai a tsakani. Injin yankan ciyawa ɗaya muke amfani da shi, kuma nasa ne. Shi Kirista ne ɗan Katolika, ni Musulmi, matarsa Mama Scholastica ce ma ta koya wa matata Daso tuƙi. Ya girme ni, amma ba girman da zai hana ni tsokanarsa ba. Shaddar nan kuwa ba ta sake yin fari ba, don haka ina da hujja.

Tun daga ranar na samu abin yi. Da safe in ya fito da kwandon shara sai in leƙo ta taga in ce, "Sha bakwai, an tashi lafiya?" In zai tafi coci in ce, "A gaida Sista!" Shi dai sai murmushi, ya ɗaga mini hannu ya wuce. Daso ce ta ce, "Malam, murmushin mutumin nan ba ya kai wa ido. Ka bar wasan nan." Na ce ke dai ba ki san wasan maza ba.

Wata Lahadi da la'asar muna bayan gidansa yana gasa masara, na sake jefa masa. Ya juya masarar, ya sake juyawa, sannan ya ce, "Surajo, kai da kake taƙama kana gane garin mutum daga Hausarsa, ni Hausar ina nake yi?"

Gaskiya na daɗe ina lura. Ba ta Kano ba ce, ba ta Zariya ba, ba irin ta Jos ba. Hausa ce a wanke tas, babu ƙamshin kowane gari a jikinta. Kuma duk wanda ya tambaye shi garinsu sai ya ce "wajen Kafanchan," ya kawo wata magana.

"Hausar gidan marayu ce," in ji shi.

Ga yadda ya ba ni labarin. Wasu Sistoci Turawa ne suka buɗe gidan a wani ƙauye, tun kafin a haife shi. A zamanin, idan uwa ta mutu wurin haihuwa jaririn yakan bi ta, don babu madarar gwangwani a ƙauye, kuma ba kowace mace ce ke yarda ta shayar da ɗan wadda ta mutu ba. Sai Sistocin suka fara karɓar jarirai, da niyyar idan an yaye yaro a mayar wa danginsa. Wasu an zo an ɗauke su. Wasu ba a zo ba. Wasu kuma an zo, Sista ta ce yaro ya fara karatu, a bar shi, dangi suka juya da kunya ba su sake dawowa ba.

Yaron da aka kawo ba suna, Fada zai ba shi sunan waliyyi, sannan a duba ranar da ya shigo a yi masa sunan uba da ita. Shi ranar Lahadi aka kawo shi, ya zama Bernard Ɗanladi. Wato Ɗanladin da nake gani a jikin akwatin ƙofar gidansa ba wani mutum ba ne da ya taɓa rayuwa, rana ce kawai. Kowane yaro yana da lamba, an ɗinka ta da jan zare a wuyan rigarsa da bargonsa. Ƙararrawa ke tashe su, ita ke kiran su addu'a, ita ke kiran su abinci, kuma in ta kaɗa kowa ya miƙe ya faɗi lambarsa. Wanda ya makara ya kwana da yunwa. Yaran daga ƙabilu daban-daban suke, don haka aka hana kowane yare sai Hausa da Turanci. Wanda ya zo da ɗan guntun yarensa a baki, kafin shekara ta zagayo ya zubar.

"To wa ya raine ka?" na tambaya. "Sista ɗaya ai ba za ta goya yara haka ba."

Ya ce a nan ne al'adar gidan take. Ranar da yaro ya bar ɗakin jarirai, sai a kira wani babba daga cikin yaran, a kama hannun ƙaramin a sa a nasa, a ce, "Ga ƙaninka." Shi ke nan, an gama. Shi zai yi masa wanka, gado ɗaya za su kwana, in ƙaramin ya yi fitsarin kwance babban ne zai sha bulala. Nasa yayan sunansa Linus Ɗanjuma, yana nan da rai a Kafanchan, tsohon kafinta ne, har yau in sun yi waya Baba Bernard sai ya cire hula.

Da ya girma ya koyi aikin wuta, ya koma ƙauyen neman asalinsa. Ya tarar gwamnati ta karɓi makarantar mishan, Sistocin sun koma ƙasarsu, ɗakin kwanansu ya zama aji. Wata tsohuwa da ta yi musu girki ce kawai ta tuna. Ta ce da damina ne, wani mutum ya kawo shi a cikin kwando a bayan keke, yana wani yare da ita ba ta ji. Ta ce mutumin ya dawo sau ɗaya da kaza a hannu, ya tsaya a bakin shinge yana kallon yara suna wasa, ya ɗaure kazar a jikin shingen ya tafi. Ko uba ne, ko kawu, ko wani mai tausayi ne kawai, ba wanda ya sani.

"Kana jin haushin Sistocin?" na ce.

"Da ba su karɓe ni ba, da yau ba ka da mai ara maka inji," in ji shi. "Sun ciyar da ni, sun koya mini karatu, wata ma ta mutu a can da ciwon shawara ba ta koma gida ba. Amma akwai ranar da nakan ce, da sun tambayi mutumin nan sunan ƙauyensa mana. Tambaya ɗaya fa, Surajo."

Masarar ta ƙone ranar. Kada ku ce na daina tsokanarsa, ban daina ba, sai dai na daina yi a gaban mutane.

Da ya zo Amurka ya yi ayyukan da kowa ya yi, wankin kwanuka, ɗaukar kaya, gadi. Daga baya ya ji ana neman mai gyare-gyare a wani gidan yara na wata coci, can bayan Pleasant Garden, ya je, kuma can yake har yau. Shi ke gyara famfo, shi ke canza ƙwan fitila, shi ke kai yara wurin likitan haƙori. Na ce, "Kai kuma, ka tsallako teku don ka sake shiga gidan marayu?" Ya ce ai wannan karon ta ƙofar ma'aikata ya shiga.

Ashe su ma mutanen nan sun yi irin namu. Ya ce cocin ta buɗe gidan tun zamanin kakanni, lokacin da cuta da talauci ke barin yara ba iyaye. Yara ɗaruruwa, da gonarsu da shanunsu, su tatsi madara kafin su shiga aji, su ma da tasu ƙararrawar. Yanzu an rufe dogayen ɗakunan, saura ƙananan gidaje, kowanne da yara 'yan kaɗan da mata da miji masu kula da su. Yawancin yaran ma ba marayu ba ne. Iyayen suna da rai, kotu ce ta raba su na wani lokaci saboda ƙwaya ko duka, kuma dole a san inda uwa take, a san inda kaka take, a kai yaro ya gan su in da hali. Ba a ba babban yaro ƙarami ya yi masa wanka, an hana.

"Ka ga sun fi ku hankali," na ce.

"Sun fi," in ji shi. "A wurinmu akwai yayyen da mugaye ne, akwai abin da ba na so in faɗa. Ni sa'a na yi. Amma yaran nan kowa da gadonsa, kowa da ma'aikaciyarsa, ba mai yaya. In an watse gobe, ba wanda zai tuna wa wani yadda yake yana ƙarami."

Haka muka yi ta zama har Ƙauna ta gama karatun nas, ta fara aiki a asibiti, ta kawo wani yaro gida. Seth sunansa, mutanen Filato ne, yaro mai natsuwa, in ya gaishe ka har ƙasa yake zuwa duk da a nan aka haife shi. Ya san labarin Baba Bernard, Ƙauna ta gaya masa, ya ce shi ba ruwansa. Amma mahaifinsa ya rasu, maganar aurensa tana hannun wan mahaifin, wani dattijo a Maryland da ake kira Baba Istifanus. Shi kuwa ya aiko da saƙo sarai: kafin su kawo kayan tambayar aure, a faɗa musu ƙauyen uban yarinya don su tura mutane su bincika, kuma a ranar tambaya wan uba ko ƙanin uba ne zai karɓe su, don uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa. In babu wannan, shi ba zai sa hannu ba, uwar Seth kuma ba za ta tsallake shi ba.

Baba Bernard ya rame. Ciyawar gidansa ta yi tsawo, tawa ma haka, tunda ban ga fuskar aron inji ba. Ƙauna ta zo gidanmu ta zauna a kicin wurin Daso tana kuka da Turanci, wai in aka fasa saboda babanta ba za ta iya sake kallon idonsa ba, don ta san zai ɗora wa kansa.

Sai na kawo shawara. Na je na same shi na ce, "Baba, ga ni. Mu ce kakanmu ɗaya, reshenmu ne ya musulunta ya koma Gusau. Ai akwai irin haka da yawa. In sa babbar riga in zauna in yi ta gyaran murya."

"Ƙauyen fa?"

"Sai mu samo wani can bayan duwatsu inda mota ba ta zuwa. Duk wanda suka tura zai gaji a hanya."

Na zaci zai yi dariya ya kore ni. Sai ya ce, "Bari in yi tunani." Mutumin da ko fakin ba ya yi a wurin da ba nasa ba, yau shi ne zai yi tunanin ƙarya. A nan na gane zurfin abin.

A cikin kwanakin ne aka yi taron shekara na tsofaffin yaran gidan da yake aiki. Duk kaka sukan dawo, waɗanda suka girma a wurin zamanin shanu da ƙararrawa. Ya ce in zo da motata in taya shi kai tebura. Na ga tsofaffi, Turawa, wasu da sanda wasu a keken guragu, suna rungumar juna suna kiran juna da sunayen yarinta. Da aka zuba abinci Baba Bernard ya taɓa ni ya ce, "Duba hannuwansu." Na duba. Kusan kowa ya zagaye farantinsa da hannun hagu, kai a ƙasa, yana ci da sauri kamar za a ƙwace. Daidai yadda shi yake ci, abin da na sha yi masa dariya a kai.

Wata tsohuwa mai gashi fari fat ta kira shi, da ma sun saba. Turancina na titi ne, amma na kama maganar. Ta ce ita mijinta har ya mutu bai san a nan ta girma ba, ta ce masa wurin gwaggonta ta tashi. 'Ya'yanta ma ba su sani ba sai da ƙafa ta gaza, ta rasa mai kawo ta taron sai su. Ta ce, "Ba su yi fushi don na tashi a nan ba. Yanzu dai duk abin da na ba su labari sai su kalle ni, suna tunanin ko shi ma na gyara shi."

A hanyar dawowa muka wuce Pleasant Garden. Sannan ya ce, "Ka ajiye babbar rigarka. Za ka zo, amma a matsayin maƙwabci mai surutu."

"To wa zai karɓe su?"

"Ina da yaya."

Ya aika wa Baba Istifanus cewa su zo, za su ji komai a zaune.

Ni dai a kwanakin nan na yi ta tunanin kaina. Ina da gari, ina da dangi har sun yi mini yawa, amma na tambayi ɗana sunan kakansa na wajen uba sai da ya kalli uwarsa. Yaranmu na nan duk Hausarsu ba ta da ƙamshin gari, wasu ma babu Hausar. Wata rana su ma za a tambaye su, su ce "wajen Gusau," su kawo wata magana.

Ranar Asabar da hantsi suka iso, mota uku. Suka shigo da goro, buhun gishiri, galan na manja, atamfofi da katan-katan na lemo, amma Baba Istifanus ya ce a ajiye su a bakin ƙofa tukuna. Dogo ne, da sanda mai kan azurfa, irin mutanen da ko ruwa aka ba su sai sun duba kofin. Uwar Seth ta zauna a gefensa. Matan gida suna kicin da Ƙauna, an bar ƙofa a buɗe kaɗan, ka san dai.

Kujerar da ta fi kowace girma a falon, Baba Bernard bai ba baƙo ba. Ya sa matashi a kai, ya jingina waya. A cikin wayar ga Yaya Linus daga Kafanchan, ya sha hula, ya matso da fuska har ba ka ganin komai sai hanci.

"Baba, ja baya kaɗan," na ce, "hancin ya riga ya gaisa da kowa."

Aka yi addu'a, aka gaisa. Baba Istifanus ya ce, "Ina wan uban yarinya?"

Baba Bernard ya nuna wayar.

"Madalla. Sunan Baba?"

"Linus Ɗanjuma."

"Ɗanjuma. Shi kuma Ɗanladi. Uwa ɗaya ce, uba kowa da nasa?"

Baba Bernard ya miƙe, ya cire hula. Ya ce, "Ba uwa ɗaya, ba uba ɗaya. A gidan marayu na Sistoci muka tashi. Ban san ƙauyenmu ba, ban san yarenmu ba, ban san sunan wanda ya haife ni ba. Na nema ban samu ba. Wannan shi aka ba ni a matsayin yaya, ba ni da wani. Abin da ke akwai ke nan, ban rage ba ban ƙara ba."

Ya zauna. Seth ya fara magana da Turanci, uwarsa ta ɗora masa hannu a gwiwa ya yi shiru.

Baba Istifanus ya juya sandarsa. Ya ce, "Ba raini ba ne, Malam Bernard. Amma mu in za mu ɗauki mace, mukan tura a tambaya. Ko akwai hauka a gidan, ko farfaɗiya, ko hannu mai ɗauke-ɗauke. Yanzu ina za mu tura? Wa za mu tambaya?"

"Ni za ku tambaya," in ji wayar.

Kowa ya juya. Yaya Linus ya ja baya yanzu, ana ganinsa sosai, tsoho ƙanƙani a gaban labule.

"Ban kai shekara goma ba aka sa hannunsa a nawa. Ni na wanke masa kashi. Bulalar da na sha saboda fitsarinsa, har yau in hadari ya taso bayana yana tuna mini. Da ƙyanda ta shigo gidan ta kwashe yara, ni na riƙe hannuwansa kada ya sosa. Jininsa ban sani ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma hauka babu, sai taurin kai. Farfaɗiya babu. Sata kuwa ya taɓa yi, gyaɗar Sista ya tona a lambu, kuma ni na aike shi."

Wani daga cikin baƙin ya yi dariya ya mayar da ita tari. Sai hoton ya tsaya cak, bakin Yaya Linus a buɗe, sabis ya ɗauke. Muka zauna muna kallon tsoho a daskare. Baba Istifanus ya ce, "Kun gani ko? Magana mai nauyi irin wannan a cikin waya." Ya fara gyara riga kamar mai shirin tashi.

Wayar ta dawo. Kafin kowa ya yi magana uwar Seth ta matso gaba, ta dubi wayar.

"Baba, a yi mini haƙuri, tambaya ɗaya. Da zai auri uwar yarinyar nan, wa ya je ya tambayo masa?"

"Ni mana," in ji Yaya Linus. "Ni na ɗauki goro da gishiri na je gidansu. Kawunta ya tsare ni a rana da irin tambayoyin nan, har na yi zaton aikin soja na je nema."

Daga kicin muryar Mama Scholastica ta fito: "Kuma akuyar da ya kawo gurguwa ce!"

"Lafiyarta lau, a hanya ta gurɗe!"

Wannan karon dariyar ba ta ɓoyu ba. Uwar Seth ta juya wurin wan mijinta, ta yi ƙasa da murya, amma duk mun ji. Ta ce, "Baba, a wurinmu ai wanda ya nemo wa mutum aure shi ne uban 'ya'yansa a ranar irin ta yau. Ga shi nan a zaune. Yarinyar kuma na ga yadda ta riƙe ni da nake asibiti. Ni dai na gamsu, sai abin da ka ce."

Baba Istifanus ya kalli Seth, ya kalli wayar, ya kalli ƙofar kicin inda ake ganin gefen zanen Ƙauna. Sannan ya ɗaga sanda ya nuna kayan, samari suka kwaso su suka jera a gaban babbar kujera. Ya tambaya yadda ake tambaya, da sunan Seth da sunan gidansu. Yaya Linus ya sa aka kira Ƙauna, ya ce, "'Yata, kin san mutanen nan? In karɓa?" Ta durƙusa a gaban waya ta ce, "E, Baba," da Hausarta mai santsi. Ya ce ya karɓa, ya ba su. Kicin ya ɗauki guɗa, Daso ce kan gaba.

Ana cikin rabon goro, Baba Istifanus dai bai iya barin ta ta wuce haka ba. Ya karkato wurin Baba Bernard, ya yi magana yadda rabin falon zai ji:

"To, mun zama ɗaya, Malam Bernard. Sai dai mu yi ta addu'a, kada wani abu ya ɓullo wa jikoki daga jinin da ba a sani ba."

Baba Bernard ya mayar da hularsa, ya ɓare goro, ya miƙa masa rabi.

"Ku yi ta yi, Baba Istifanus," in ji shi. "Ni ma tun da na ga naku jinin da aka sani na fara tawa addu'ar."